Sharhi: Abin da Na Samu a Wurin Mai Ƙiyasta Shekaru da Darajar Tsohon Baka

Duk wanda ya mallaki tsohon baka na kamfanin Bear, mai ƙera bakunkuna a Amurka, kuma ya ga an rubuta 1953 a jikinsa, zai so ya gaskata cewa a shekarar aka ƙera shi, kuma masu sayarwa da yawa suna barin mai saye da wannan zato domin yana ƙara wa kaya kuɗi. Nawa bakan, samfurin Grizzly, yana ɗauke da wannan rubutu, shi ya sa na biya wani masani mai aikin ƙiyasi ta intanet domin ya faɗa mini shekarun bakan da abin da zai iya yi a kasuwa. Na gamsu da aikinsa wajen gano shekara, amma wajen kuɗi ina da abin cewa.

Tsarin aikin ba shi da wahala. Ya nemi hotunan bakan gaba da baya, da hoton mariƙi, da na bakin fikafikan biyu inda tsirkiya take zama, da kowane rubutu da ke jiki, sannan ya turo rahoto a rubuce.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya ga faɗin shekara kawai ba, ya jero hujjojinsa ta yadda zan iya bin sawunsu da kaina. Ya fara da kawar da batun 1953, inda ya bayyana cewa shekarar rajistar haƙƙin ƙira ce, kuma kamfanin ya ci gaba da buga ta a jikin bakunkuna har zuwa 1972, saboda haka iyakar abin da take nunawa shi ne bakan ya fito a tsakanin waɗannan shekaru. Daga nan ya koma kan sunan gari. Fred Bear, wanda ya kafa kamfanin, ya fara sana'arsa a Detroit a 1933, ya mayar da masana'antar Grayling da ke jihar Michigan a 1947, sannan aka kwashe ta zuwa Gainesville ta jihar Florida a 1978. Tunda Grayling ne rubuce a nawa, to ya riga wannan ƙaura ta ƙarshe. Sai tambarin ƙarfe mai siffar kwabo da aka dasa a mariƙi, wanda kamfanin ya fara sanyawa a 1959. Na farkon na jan ƙarfe ne, na bayansa na alminiyam, kuma daga 1963 zuwa 1970 an fi amfani da na tagulla mai ruwan ɗorawa. Nawa irin na tagullar ne, kuma a shafe yake daidai da katako, bai tudu ba kamar waɗanda suka zo bayan 1972.

Hujjar da ta yanke magana ita ce lambar ƙira. Daga 1965 zuwa 1969, lambar farko a jerin tana nuna ƙarshen shekarar da aka yi bakan, daga 1970 kuma jerin ya koma farawa da harafin K. Tawa da 7 ta fara, wato 1967. Duk da haka masanin bai dogara da ita kaɗai ba, ya gwada tsawon bakan da launin katakon mariƙi da na zaren gilashin da aka manna a jikin fikafikai da abin da ke cikin kasidar kamfanin ta wannan shekara. Wannan taka-tsantsan ya dace, domin tambari yakan faɗi a sake wani, kuma masana'anta takan ƙarasa ragowar kayan bara a cikin aikin bana, don haka alama ɗaya ba ta isa shaida ba.

Da aka zo batun kuɗi, ya gaya mini gaskiyar da masu tsofaffin kaya ba su cika son ji ba, cewa tsufa shi kaɗai ba ya sa baka tsada. A shekarun 1960 an ƙera Grizzly da yawa ƙwarai, kafin baka mai ƙafafun juyi, wanda Holless Wilbur Allen ya samu rajistarsa a 1969, ya mamaye kasuwar maharban Amurka, saboda haka samunsa ba wuya, ba kamar Kodiak na 1959, wani samfurin kamfanin, da masu tara tsofaffin bakunkuna suke rububinsa ba. Ya ce nauyin ja na nawa, wato nauyin fam 45 idan aka ja tsirkiya inci 28, yana cikin abin da masu harbi suka fi nema, wannan kuwa ya taimaka masa. Abin da ya rage masa daraja shi ne ƙananan ramuka biyu da wani mai shi na baya ya huda domin ɗaura abin saiti. Ya kuma gargaɗe ni da kada in kankare fentin asali in sake wani, domin gyaran yakan shafe rubutun hannu na lamba da nauyi, kuma masu tarawa sun fi son baka da tabonsa a kan wanda aka yi wa kwalliya. Na yaba da cewa ya gina ƙiyasinsa a kan farashin da aka sayar da irinsa a zahiri, ba a kan abin da masu talla suke yi wa kayansu suna ba.

Inda aikin ya gaza shi ne a kan lafiyar bakan, alhali ita ce rabin darajarsa. Tsakanin ƙaramin farashi da babba da ya ba ni akwai tazara mai faɗi, kuma dalilin a fili yake: hoto ba ya nuna ko fiffike ya murɗe, ba ya kuma bambance tsagewar fenti ta sama da rabuwar gilashi da katako inda gam ya saki. Murɗewa ana ganinta ne idan an ɗaura tsirkiya aka leƙa tsawon bakan daga wannan baki zuwa wancan, a ga ko tsirkiyar ta bi tsakiya, amma bai nemi irin wannan hoto ba sai da na tambaya. Bayani a kan tsirkiya ma layi ɗaya ya yi masa, ga shi kuwa magana ce babba, domin bakunkunan wancan zamani da zaren Dacron mai ɗan miƙewa aka tsara su, kuma zaren zamani marar miƙewa yana iya tsaga bakin fiffike. Wanda zai yi harbi da baka mai shekara fiye da hamsin yana bukatar a faɗa masa wannan da babbar murya.

Akwai kuma abin da bai kwanta mini ba. A ƙarshen rahoton ya nuna cewa a shirye yake ya saya idan ina son sayarwa. Ban ga alamar ya karya farashi ba, sai dai mutumin da zai sayi kaya bai kamata ya zama shi kaɗai ne mai yanke masa daraja ba, kuma da ya faɗi haka tun kafin in biya kuɗin aiki da ya fi.

Ga mai son sanin shekarar bakan Bear, wannan aiki ya cancanci kuɗinsa, ko da yake mai haƙurin karatu zai iya gano yawancin alamomin da kansa. Ga mai baka na ƙaramin kamfani wanda lambobinsa ba su da tsari sananne, ina ganin amsar za ta zo da ƙarin shakka. Wanda kuwa yake shirin sayarwa ko yin harbi, shawarata ita ce ya haɗa rahoton da idon wani masani da zai riƙe bakan a hannu, ya ɗaura masa tsirkiya da igiyar ɗauri, ya ja shi a hankali yana sauraron ko zai ji ƙarar tsagewa.