Official Secrets: harafi ɗaya ya kusa kashe labarin

Duk wanda ya san aikin ɗakin labarai, wuri ɗaya ne zai tsaya masa a rai a fim ɗin nan na Gavin Hood da ya fito a 2019. Katharine Gun, mai fassara Sinanci a hukumar leƙen asirin Birtaniya, GCHQ, ta fitar da wasiƙar da Frank Koza na hukumar leƙen asirin Amurka, NSA, ya aiko a ƙarshen Janairun 2003. Yana neman a taya su sauraren wakilan ƙasashe shida a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ciki har da Kamaru da Gini da Angola, don a samu abin matsa musu su goyi bayan yaƙin Iraƙi.

Jaridar Observer ta Birtaniya ta buga wasiƙar ranar 2 ga Maris. To amma kafin nan sai da aka sake shigar da wasiƙar a kwamfuta, aka bi ta da manhajar gyaran rubutu, ita kuwa an saita ta kan Turancin Ingila. Nan take ta mayar da favorable ya koma favourable, recognize ya koma recognise. Shi ke nan! Shafin labarai na intanet na Amurka, Drudge Report, ya ce Ba'amurke ba ya rubutu haka, takardar jabu ce. Gidajen talabijin na Amurka da suka nemi hira da Martin Bright, ɗan jaridar Observer da ya kawo labarin, suka janye ɗaya bayan ɗaya. Yadda aka nuna fuskokin ma'aikatan jaridar lokacin da suka ɗora asalin takardar kusa da wadda suka buga, wallahi ya taɓa ni. Sake rubuta takardar sirri ba laifi ba ne, yana ɓatar da alamun da za su tona inda ta fito. Sharaɗin shi ne a kashe manhajar gyara, mutum biyu su bi ta harafi-harafi, ɗaya na karantawa ɗaya na dubawa.

Inda na ji haushi shi ne batun kare majiya, an wuce shi da sauri. Jaridar ba ta ma san Gun ba, ta hannun wata ƙawarta da 'yar jarida Yvonne Ridley takardar ta iso. Amma imel yana da jerin waɗanda aka aika wa, kuma buga shi sukutum ya sa hukumar GCHQ ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Aka fara kiran ma'aikata ɗaya-ɗaya, cikin 'yan kwanaki Gun ta amsa da bakinta don kada a ci gaba da takura wa abokan aikinta. Na so a zaunar da editocin su yi gardama sosai a kan wannan, sai aka karkata ga yunƙurin korar mijinta daga ƙasar.

Keira Knightley, wadda ta fito a matsayin Gun, ta yi ƙoƙari, ba na musu. Zaman shari'ar Gun kan fitar da sirrin a kotun Old Bailey ta Landan a Fabrairun 2004 kuwa, inda masu gabatar da ƙara suka ce ba za su kawo hujja ba, an gama shi kafin mai kallo ya gyara zama.