Giɓin gaba da giɓin turmi: wanne ya fi taɓa magana?

Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ka ce haƙorinka na gaba na sama ya fita a haɗarin babur, an kuma cire maka turmi ɗaya tun bara, kuɗin hannunka na cike gurbi guda ne, ga shi kana koyarwa a wata Islamiyya a Tudun Wada. Ni dai na ce ka fara da na gaba.

Cikin haƙora 32 na babban mutum, takwas na gaba ne, huɗu sama huɗu ƙasa, kuma na saman su suka fi aiki wurin furuci. In za ka furta s, z, ts ko sh, harshe na matse iska ta doki gefen haƙoran nan. Da an samu giɓi sai iskar ta zurare, s ta fito da fito ko ta yi laushi, kamar dai yaro mai famfara. F ɗinmu ta Hausa ba ta cika damuwa ba, tunda leɓɓa biyu ke yin ta. Amma fa'un ta Larabci leɓen ƙasa ne da bakin haƙoran sama, haka ث da ذ da ظ, kan harshe ne ke taɓa bakin haƙoran. Ga mai biya wa yara karatu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Turmi kuwa aikinsa tauna. Guda ɗaya ya fita, da wuya wani ya ji bambanci a hirarka. Sai dai ض daga gefen harshe da turamen sama take fitowa, don haka in na sama ne aka cire, saurari kanka a ƙarshen Fatiha. Ɓarnar turmi a hankali take zuwa: maƙwabtansa su karkato cikin gurbin, ƙashin wurin ya riƙa zaizayewa. Kada ka bar shi shekara da shekaru.

In haƙorin roba mai cirewa za a sa maka, wanda ya fi dashen haƙori a cikin ƙashi araha nesa ba kusa ba, farantinsa na hawa ganɗa, kuma da farko maganar za ta ƙara rikicewa. Yawanci cikin 'yan makonni harshe ke sabawa, karatu da ƙarfi na hanzarta hakan. In ka je sashen haƙori a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna, gaya wa likita kai malami ne, ka karanta 'yan ayoyi da haƙorin a bakinka kafin ka tashi daga kujera, don a rage kaurin farantin in ya yi yawa.