HTC-1: Ma'aunin Zafi na Masu Kiwon Kaji a Lokacin Hunturu

Mai renon 'yan tsaki a Zariya ya san watan Disamba da Janairu ne suka fi ci masa dukiya. Sanarwar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, takan faɗi cewa hazo na tafe da sanyi, amma ba za ta gaya maka zafin da ke cikin ɗakin kajinka a Shika ko Samaru da ƙarfe biyar na asuba ba. Wannan aikin ƙaramar na'urar nan ce, HTC-1, da ake samu wajen masu sayar da magungunan kaji da kayan lantarki a Sabon Gari.

Farar roba ce, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Fuskarta na nuna zafi da danshin iska da lokaci, kuma ƙaramin batir AAA ɗaya take ci. Tana auna daga digiri 10 ƙasa da sifili zuwa 50. Akwai 'yar'uwarta HTC-2 mai waya da ɗan kai mai auna zafi a bakinta, sai ka zura shi waje ka riƙa ganin na ciki da na waje a tare. In da hali, ita za a saya.

Maɓallin MEMORY shi ne kuɗinka. Yana riƙe lamba mafi sama da mafi ƙasa tun daga lokacin da ka goge na baya. Goge shi da magariba, ka duba da safe. Tsaki a makon farko yana son digiri 32 zuwa 35, ana rage wajen 3 duk mako. Idan ka tarar ya sauka zuwa 26, to gawayin kaskonka ya mutu cikin dare, shi ya sa suke cunkushewa a lungu suna danne juna. Wurin ajiyewa ma yana canza komai. A sa ta daidai tsayin bayan tsaki, a gefen inda ɗumi ke kaiwa. Wanda ya rataye ta a ƙusa daidai kansa, zafin da ya hau sama yake aunawa, ƙasa kuwa ta fi haka sanyi.

Na'urar ba ta hasashe, don haka a haɗa da kallon sama. Daren da ba girgije ko ɗaya, taurari tar, iska ta kwanta, shi ne ƙasa ke sakin ɗuminta duka, sanyin kuma ya fi tsanani dab da fitowar rana. Girgije mai kauri da ke ƙasa-ƙasa yana mayar da ɗumi kamar bargo, sai dai a hunturu ba kasafai ake ganinsa a nan ba. Siraran fararen nan masu zare-zare da ke can sama, na ƙanƙara ne, ɗumin da suke tarewa kaɗan ne, kada su ruɗe ka. Hazo kuwa ƙura ce, mafi yawanta daga kwarin Bodele na Chadi. Idan ya yi kauri rana ba ta gasa bango da kwano, ɗaki ya shiga dare da sanyinsa. Ranar irin wannan a sauke labulen buhu tun la'asar, a ƙara gawayi.

Ɓangaren danshi ne rauninta. Kuskurensa kan kai kashi 5, kuma da ranar hunturu, da iska ke bushewa ƙwarai, lambar takan maƙale a ƙasa ta ƙi motsi. Ƙura da ƙaiƙayi na toshe 'yan ramukan bayanta, sai ta yi nawa. A riƙa kaɗe su da busasshen buroshi. Gwajinta ba wuya: jiƙa gishiri a murfin kwalba ba tare da ya narke ba, sa shi da na'urar a roba mai marfi, ka rufe sa'a takwas. Ya kamata ta nuna kashi 75. Bambancin da ka gani, rubuta shi a jikinta.

Fuskarta ba ta da fitila, sai da tocila. Ƙararrawarta ta agogo ce kawai, ba ta kuka idan sanyi ya wuce kima. Ba ta kuma jin iskar gawayi mai guba, wadda ba ta da wari, saboda haka ko a ɗakin kaji ko na mai jego a bar kafar shan iska ta sama a buɗe. In ɗakin ya wuce tsaki 500, biyu za a saya, ɗaya kusa da kasko, ɗaya ta wajen ƙofa.