Kafin ka sayi tsohon agogo a Maradi, dubi fuskarsa

In ka shiga babbar kasuwa neman tsohon agogo, abin da za a shimfiɗa maka bai wuce Seiko 5, Orient, Rado, wani lokaci Omega ba. Ni dai Seiko 5 nake so, musamman irin wanda alhazai suka riƙa dawowa da shi daga Makka, mai nuna ranar mako da Larabci. Tun 1963 Japan ke ƙera shi, ba ya son batir, motsin hannunka ne abincinsa, kuma duk mai gyaran agogo ya san cikinsa. Orient ba laifi. Rado da Omega kuwa jabunsu ya yi yawa, ban kai kuɗina can.

Amma Seiko ɗin ma sai ka buɗe ido. Bara na sayi wani mai koriyar fuska, yana ƙyalli kamar jiya aka fito da shi. Damina ɗaya, fenti ya fara ɓarewa gefen ƙarfe uku. Da na kai wa mai gyarana ya sa madubinsa a ido, ya ce, "Malam, zaɓen tumun dare ka yi, wannan fuskar sake mata fenti aka yi." Irinsu da yawa daga Indiya ake turo su.

Ga abin da ya nuna mini. Ƙasan ƙarfe shida akwai ƙaramin rubutu: Japan, da lambar inji kamar 7009 ko 6309. Dole ta yi daidai da wadda ke murfin baya. Rubutun kamfani siriri ne, tsaf. Na mai fenti yana da kauri, haruffa na hawa juna, layukan minti ba su daidaita da sandunan awa ba. Duba bakin tagar kwanan wata, nan fenti ke taruwa.

Sannan ka rufe agogon da tafin hannu ka leƙa. Agogon da ya haura shekara arba'in bai kamata ya haska da ƙarfi cikin duhu ba, kuma ɗigon da ke haskawa a fuska da na hannuwa tare suke tsufa, launinsu ɗaya, ruwan ƙasa-ƙasa. In hannuwa sun dushe, fuska na walƙiya, kar ka saya.

Dillali zai ce maka "ai gyara ne aka yi masa." To, a rage kuɗi. Ni fuskar da rana ta ɗan ci, mai tabo ɗaya ko biyu, ita nake biya da daɗin rai, kuma ban ƙara saye ba tare da mai gyarana ya buɗe bayan a gabana ba.