Sirdin kaboyi da na saya: bayan wata huɗu ina hawa

Jama'a masu tambayata a kan sirdin nan na kaboyi da kuka gani a bayan akawal ɗina, baƙin dokin nan nawa, to ga bayani. Na hannu ne, wani mai shigo da kayan gwanjo daga Amurka ya kawo min, kuɗin kam ba sai na faɗa ba kar uwargida ta gani.

Abin da ya fara ba ni mamaki nauyinsa ne wallahi, da na ɗora a sikelin masu hatsi ya kusa kilo 20, yaron da ke kula min da doki sai da ya yi nishi kafin ya cilla shi sama. Dalili kuwa ƙashin cikinsa katako ne aka naɗe da ɗanyar fatar shanu, ta bushe a jiki ta zama kamar ƙarfe. Wannan ƙahon da ke kan kwacciyar gaba da mutane ke cewa wai na riƙewa ne in za ka faɗi, a'a, na igiya ne. Asalin abin daga Sifaniyawa ya fito, su suka kai dawaki da shanu Meziko tun wajen 1519 zuwa sama, makiyayansu da ake kira bakero suka ga in ka zargo bijimi a guje hannu ba zai riƙe shi ba, sai suka yi wa sirdin ƙaho suna naɗa igiyar a jiki. Mutanen Kalifoniya majayi ɗaya, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, suke sawa a tsakiya suna naɗa igiya suna sassautawa, ’yan Tekzas kuma ɗaure ta suke tamau shi ya sa suka ƙara majayi na biyu a baya don kar sirdin ya ɗaga idan sa ya fizga. Da irinsa aka riƙa kora garke daga Tekzas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilin a Kansas daga 1867, tafiyar wata biyu ko fiye a kan doki kullum. Nawa mai majayi biyun ne.

Zama kam ba magana. Na yi awa biyar a kai zuwa gona da dawowa, ba ciwon ƙugu ba gogar cinya, fatar likkafar faffaɗa ce tana kare ka daga gumin doki, likkafar kuma ƙafa na sakewa a ciki. Ɗinkin ma har yanzu ko zare ɗaya bai tsinke ba duk da ya sha hannu.

Amma fa doki na ne ya biya kuɗin jin daɗin. An yi sirdin ne don dawakinsu masu faɗin baya kamar teburi, namu kuwa kun san su sirara ne ƙashin kafaɗa a tsaye, to sai gaban sirdin ya sauka ya zauna a kan ƙashin. Sati na uku na sauke shi na ga duk bayan ya jiƙe da gumi ban da wuri biyu a bushe inda sirdin ke dannewa, na taɓa dokin ya zabura ya kwantar da kunne. Mai sayarwar da ya rantse min wai kowane doki yana ɗauka, da na kira shi cewa ya yi in ƙara zubka kawai, wato shimfiɗar da ake sawa a ƙarƙashin sirdi. Na ƙara mai kauri, ciwon ya ragu amma zafin jiki ya ƙaru, ga fatar tunkiya mai gashi dama a ƙarƙashinsa, a ranar Afrilu. Majayin bayan nan ma ranar farko na bar shi sako-sako ya zame wajen mara, tsalle biyu na tsinci kaina a cikin kunyar gona.

In dokinka jibgege ne irin na folo kuma doguwar tafiya kake, saya, amma ka ɗora shi a bayan dokin ba zubka tukuna, in yatsu uku ba su shiga tsakanin gabansa da ƙashin kafaɗa ba ka mayar masa da kayansa. Na hawan sallah kuma kar ma ka fara, jalala, rufin adon nan na sirdi, ba ta zama a kan ƙahon. Ni yanzu a ƙahon nake rataya gorar ruwa.