Wechiau: kuɗin kallon dorina gari yake komawa

Daga garin Wa, a arewa maso yammacin Ghana, muka tashi da asuba, ni da ƙanena, zuwa Wechiau, inda sarakunan yankin da jama'arsu suka keɓe kilomita 40 na kogin Baƙin Volta domin dorina. Mai tuƙa kwalekwalenmu ɗan garin ne. Can sai ya ɗaga filafili ya ce, "Malam, a yi tsit." Sai ga kunnuwa biyu da hanci sun ɓullo, dorina ta yi huci, ruwa ya fantsama. Tsallaken kogin kuwa Burkina Faso ce.

Abin da ya fi burge ni, kuɗin baƙi na komawa ga rijiyoyin burtsatse, fitilun sola da karatun yara. Ban ji ƙyashin ko sidi ɗaya ba. Ku je da rani, da damina ganinsu sai an dace.