Wasiƙa daga Newcastle: kada ku sayi wancan madubin hangen taurari

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata kana lafiya, da iyali da ɗalibanka. Ka gaishe min da Inna ƙwarai, ka ce mata sanyin bana da sauƙi.

Na ga hoton madubin hangen nesan da ka turo, wanda aka rubuta a jikin kwalinsa wai yana kusanto da abu sau 675, kana tambaya ko makarantarku ta saya. Don Allah kada ku saya. Irinsa suna nan Ingila ma, a shagunan kayan wasan yara ake jera su, kuma duk wanda ya san harkar yana hana mutane ɗauka. Ƙarfin madubi yana a faɗin bakinsa, wato yawan hasken da yake iya tarawa. Ƙa'idar da ake bi ita ce ka ninka faɗin bakin sau biyu: mai milimita 60, kamar wancan, iyakarsa sau 120. Ka wuce nan, sai dishi-dishi. Ga ƙafafunsa sirara, ko numfashi ka yi kusa da shi sai wata ya yi ta rawa a ciki. Yaro ya leƙa sau ɗaya bai ga komai ba, shi ke nan ya yanke cewa harkar taurari ƙarya ce. Wannan asarar ta fi ta kuɗin zafi a wurina.

Bari in ba ka labarin yadda ake sayen kayan nan a nan, don akwai abin koyi.

Akwai shagunan da ba su sayar da komai sai kayan kallon sama. Yawancinsu ta intanet suke ciniki, amma in ka rubuta musu ko ka buga waya, wanda zai amsa maka shi ma mai kallon taurari ne. Kafin ya ambaci farashi sai ya tambaye ka: a bene kake ko a ƙasa, kana da mota, wata da duniyoyi kake son gani ko abubuwa masu nisa? Ni da na tambaya, mutumin ya hana ni mai tsada, ya nuna min wanda bai kai rabinsa ba, ya ce shi ne zan fi yawan fitowa da shi waje. Sannan doka tana bayan mai saye. Abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ko da babu aibi, don kawai ka sake shawara. In kuwa ya zo da lahani, dokar kare haƙƙin mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka karɓi kuɗinka cif. Ka kwatanta da rasit ɗinmu na gida da ake buga wa gargaɗin cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Ba na cewa 'yan kasuwarmu sun fi na nan son kai. Wanda ya yi odar kaya daga China, ya biya dakon jirgi da kuɗin fito, ba shi da kamfanin da zai mayar wa in madubi ya zo a fashe, dole ya kare kansa. Amma sakamakon shi ne mai saye ke ɗaukar kasadar duka.

Farashi kuwa, ga abin da nake gani. Tabaron hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 10x50, mai kyau yana tsakanin fam 50 da 100. Ƙaramin madubi na Sky-Watcher mai milimita 130, wanda ake ɗorawa a kan tebur, bai kai fam 200 ba. Babban yayansa mai milimita 200 yana wajen fam 350 zuwa 400. Akwai kuma sabbin na'urori irin su Seestar, wajen fam 500, waɗanda ba a leƙawa da ido ko kaɗan: ka ajiye ta a tsakar gida, ta nemo tauraron da kanta, ta turo maka hoto a waya. Sun burge ni, amma ba su nake so wa yaranku ba. Hoto a waya sun saba gani. Abin da ba su taɓa yi ba shi ne su sa idonsu su ga zoben da ke kewaye da duniyar Zuhal (Saturn) da kansu.

Kasuwar kayan hannu ma tana da ƙarfi, domin madubi ba ya tsufa in an kula da shi. Mutane na saya da zumuɗi lokacin Kirsimeti, bayan shekara su sayar da ragi mai yawa.

Abin da ya fi kama min zuciya dai ba a kasuwa yake ba. Kusan kowane gari mai ɗan girma a ƙasar nan yana da ƙungiyar masu sha'awar taurari. Babbar ta ƙasa, British Astronomical Association, tun 1890 take. Ta unguwa kuwa kuɗin shekararta ba ya wuce na cefanen mako, kuma da yawansu suna ba sabon shiga aron madubi ya tafi da shi gida ya gwada kafin ya kashe kuɗinsa. Yawancin mambobin 'yan fansho ne, tsofaffin malamai da injiniyoyi da direbobi. Daren da sama ta washe sai su kafa kayansu a filin wasa, kowa ya zo ya leƙa kyauta. Na ga wani dattijo, hannunsa na rawa don sanyi, ya durƙusa yana saita wa wata yarinya 'yar shekara bakwai duniyar Mushtari (Jupiter), yana ce mata ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, kada ta taɓa bututun. Ta daɗe shiru, sannan ta ƙirga ɗigo huɗu a jere a gefensa. Ya ce mata su ne watannin Mushtari da masanin taurari Galileo ya fara gani a 1610, kuma in ta dawo gobe za ta tarar sun sake wuri. Mutumin nan ba a biyansa ko sisi. A nan na koyi saita madubai biyun da ke cikin bututu su fuskanci juna, da amfani da jar tocila, domin ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma farin haske na daƙiƙa ɗaya ya isa ya mayar da kai farko.

Sun ma mayar da duhu abin kuɗi. Arewa da mu, kusa da iyakar Scotland, akwai dajin Kielder, inda aka buɗe ɗakin kallon taurari a 2008, kuma a 2013 aka ayyana yankin a matsayin wurin da ake kare duhunsa. Mutane na biyan kuɗin tikiti, su yi tafiyar awa biyu cikin dare, su kama ɗaki a ƙauye, don kawai su ga farin layin nan na taurari da ya ratsa sama, wanda mu muka tashi muna kwana ƙarƙashinsa a tsakar gida lokacin bazara.

To, a nan ne nake so ka saurare ni da kyau, domin duk kayan nan nasu, samaniyarku ta fi tasu nesa ba kusa ba.

Na farko gajimaren ƙasar nan. Sai a yi mako biyu ba a ga tauraro ko ɗaya ba. Daren da ya washe kuma sanyi ne mai shiga ƙashi, ga raɓa da ke rufe gilashi cikin awa ɗaya, har ɗamarar lantarki ake sayarwa da ake naɗa wa madubi don ta ɗumama shi. Na biyu, Newcastle tana digiri 55 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga watan Mayu zuwa farkon Agusta dare ba ya yin duhu sosai, gefen arewa na nan da haske har asuba. Ku a Kano kuna digiri 12. Darenku kusan tsawonsa ɗaya duk shekara, kuma wata da duniyoyi suna bi ta saman kanku, inda iska ta fi siranta, hoto ya fi fita tas. Mu nan sau da yawa Zuhal can ƙasa yake kusa da rufin gidaje, yana ta kaɗawa. Akwai kuma abubuwan da ba sa fitowa a Ingila sam. Suhailu, tauraro na biyu a haske cikin dare, ba a taɓa ganinsa a nan. Haka taurarin nan huɗu masu siffar gicciye na kudu, da dunƙulen Omega Centauri mai miliyoyin taurari, wanda ke hawa har digiri 30 a samanku. Da na faɗa wa 'yan ƙungiyarmu cewa daga garinmu Kano ana ganinsa, sai da suka yi ta yi min tambayoyi, domin su sai sun biya kuɗin jirgi zuwa Namibiya ko tsibiran Kanari.

Abin da muke da shi da ba ku da shi, hasken nan ne mai launi da ke bayyana a arewa. Daren 10 ga Mayun 2024 ya rufe sama da ja da kore, mutane suka fito titi da kayan barci. Ikon Allah ne da ban taɓa tsammanin gani ba.

Batun jinjirin wata ma bambancin a fili yake. A nan Musulmi kan rabu, wasu masallatai na bin Saudiyya, wasu Maroko, har gida ɗaya a yi Sallah kwana biyu. Shi ya sa wasu matasa suka kafa New Crescent Society suna koya wa mutane fita duban wata da kansu, har suna shirye-shirye tare da tsohon ɗakin nazarin taurari na Greenwich da aka kafa a 1675. Sai dai gajimare na yawan hana su, kuma a wasu watanni jinjirin na kwanciya kusa da ƙasa ya faɗi da wuri. A wajenku a miƙe yake sauka, yana ba mai duba lokaci. Tsarinmu na a kai rahoto ga hakimi har ya isa fadar Sarkin Musulmi abin alfahari ne. Da kowace makaranta tana da tabaro mai ido biyu da malamin da ya san cewa watan da bai kai awa 15 da haihuwa ba da wuya ƙwarai ido ya kama shi, da shaidar da ake kaiwa ta ƙara ƙarfi.

Na san matsalolinku. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu na cinye ƙananan taurari, ko da yake wata da Mushtari suna ratsa shi. Lokacinku mafi kyau shi ne kaka, Oktoba da Nuwamba, da kuma daren damina bayan ruwa ya wanke sama. Ƙura ce abokiyar gabarku kamar yadda raɓa take tamu: a rufe bakin bututun kullum, kuma kada kowa ya goge madubi da tsumma, domin yashi zai kankare siririn rufin alminiyon da ke fuskarsa. Gara a bar shi da 'yar ƙura. Ba zan kuma ce ku fita daji da dare ba a halin tsaron da ake ciki. Filin makaranta ya isa, in an kashe fitilun da ke kusa.

Shawarata ita ce irin madubin da ake kira Dobson. Sunan wani mutum ne, John Dobson, wanda ya rasu a 2014, ya shafe shekaru yana haɗa madubai da kwali da katako da tsofaffin gilasan tagogin jirgin ruwa, yana kafa su a bakin titi a San Francisco don masu wucewa su leƙa. Bututu ne kawai a kan akwatin katako mai juyawa, kana tura shi da hannu. Ba ya cin wuta, ba ya cin batir, babu abin da zai ƙone in an kawo wuta da ƙarfi. Mai milimita 200 yana tara haske kusan sau 800 fiye da ƙwayar ido. Tsawon haskensa, wato nisan da haske ke yi daga madubin zuwa inda yake haɗuwa, milimita 1200 ne, kuma shi ake rabawa da lambar gilashin leƙawa, don haka mai lamba 25 zai ba ka sau 48, mai lamba 10 ya ba ka sau 120. Ga darasin lissafin raba ga 'yan aji ɗaya, a aikace.

Matsalarsa nauyi da girma. Bututun ya wuce mita ɗaya, gindin ya fi shi nauyi, ba zai shiga jakar jirgi ta kilo 23 ba. Amma da na duba gindin nan da kyau, sai na ga babu abin da kafintan unguwarmu ba zai iya ba: faifan katako biyu, ƙusa mai noti a tsakiya, bango uku, da 'yan robobi masu santsi. Bututun ma ana iya yi da na ruwa mai faɗi, a shafe cikinsa da baƙin fenti marar sheƙi. Abin da sai an kawo daga waje shi ne babban madubin, ƙaramin, da gilasan leƙawa, kuma duka za su shiga jakar hannu. Wannan ita ce hanyar da nake ganin makarantu da yawa za su samu, maimakon jiran gwamnati.

Don ku fara, zan aiko da mai milimita 130 ta hannun wanda zai zo hutun ƙarshen shekara, domin yana naɗewa kuma nauyinsa wajen kilo 6 ne, tare da tabaro mai ido biyu. Kafin su iso ka sauke manhajar Stellarium a wayarka, tana nuna abin da ke sama ko babu data. Ka fara da abin da yara suka sani, Zara da Gamzaki, ka nuna musu cewa abu ɗaya ne, duniyar Zuhura (Venus), tana fitowa wani lokaci da magariba wani lokaci da asuba, kuma a madubi tana da rabi da jinjiri kamar wata. Sai Kaza da 'Ya'yanta: su ƙirga da ido, yawanci shida za su samu, sannan su ƙirga da tabaro. Wata kuma kada ku jira ya cika, daren bakwai ko takwas ne ramukansa ke fita da inuwa.

Zan sa takardar tace hasken rana a ciki. Ka gargaɗe su da babbar murya cewa kallon rana da madubi ba tare da ita ba yana makantar da mutum nan take, kuma gilashin da aka shafa wa hayaƙin fitila, irin wanda muka yi amfani da shi a husufin 29 ga Maris 2006 da ya duhunta Gusau da Katsina da Maraɗi, ba ya kare ido. Akwai wani husufin ranar 2 ga Agustan 2027, cikakke a Makka da Jidda, ku kuma za ku ga an ci wani ɓangaren rana, don haka ku adana takardar.

Ka tambayar min kafinta kuɗin katako mai kauri falle ɗaya da ladan aikinsa, ni kuma zan turo maka zanen gindin da awonsa ta WhatsApp. Ka kuma nemi izinin shugaban makaranta tun yanzu a kan barin yara su zauna bayan magariba.

Naka, yayanka.